Rariyar Tirelar Sanyi: Ƙaramar Kafa Mai Cinye Ribar Fatake

Duk lokacin da aka zauna tattauna asarar da 'yan kasuwar kifi da nama da kayan gwari ke tafkawa a ƙasar nan, laifin kan faɗa ne kan tsadar man gas da lalacewar hanyoyi da ƙarancin wutar lantarki. Babu mai musun ko ɗaya daga cikinsu. To amma akwai wata ɓaraka da ba a kawo ta a tarurrukan ƙara wa juna sani, ba ta kuma shiga jawabin minista, saboda a ƙarƙashin ƙafa take. Ita ce ruwan da ke kwanciya a daɓen tirelar sanyi, da danshin da ke ratsa bangonta a hankali har ya kashe ta. Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne, daga cikin dukan hanyoyin da dukiya ke zurarewa a wannan sana'a, babu wadda ta fi wannan sauƙin toshewa, kuma toshe ta yana hannun mai mota da mai kaya, ba ya jiran kasafin kuɗin gwamnati.

Batun ba ƙarami ba ne idan aka dubi yawan dukiyar da ke bin waɗannan motoci. Alƙaluman da jami'an gwamnati suka sha bayarwa sun nuna cewa Nijeriya na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da ake samu a cikin gida bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Wani kaso mai tsoka na giɓin ana cike shi ne da kifin ƙanƙara na waje, irin su titus da shawa da kote da fanla, wanda ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa, a tara shi a ɗakunan sanyi na Apapa da Ijora, sa'an nan a loda shi zuwa Ibadan da Ilori da kasuwar Kado ta Abuja da Kaduna da Kano. Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000. A duniya baki ɗaya kuwa, wani rahoto da Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa abinci tan miliyan 526 ne ya salwanta a 2017 saboda rashin isasshen sanyi.

Daga ina ruwan yake?

Mai karatu na iya tambaya, mota rufaffiya wadda ruwan sama ba ya shigarta, ina ta samo ruwa? Mafi yawansa daga iska yake. Iska mai zafin digiri 30 a ma'aunin Salshiyas na iya ɗaukar tururin ruwa kimanin giram 30 a kowace mita ɗaya ta faɗi da tsawo da zurfi, amma idan ta yi sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, wanda shi ne ma'aunin da aka amince da shi a duniya don daskararren abinci, da ƙyar take riƙe giram 1. Cikin kwantenar sanyi mai ƙafa 40 ya kai irin wannan mita kusan 67. Da damina kuwa danshin iskar Legas yakan haura kashi 80 cikin 100. Saboda haka duk cika guda da akwatin ya yi da iskar waje, ruwa kusan lita ɗaya da rabi ya shiga. Ba kuma cika guda ake yi ba, domin muddin ƙofa na buɗe, iska mai sanyi na kwararowa waje ta ƙasa, mai zafi na kutsawa ta sama. Awa biyu na lodi a fili, 'yan dako na shiga suna fita, ya isa ya tara ruwa bokiti guda.

Wannan ruwa yakan zama raɓa a rufi da bango, ko ya daskare a jikin ragar injin sanyi, wadda ta yi kama da lagireton mota. Idan ƙanƙara ta lulluɓe ragar, iska ba ta ratsawa, don haka aka ƙera injin yadda zai dinga tsayar da sanyi lokaci-lokaci ya ɗumama ragar, ƙanƙarar ta narke, ruwan ya taru a wani faranti ya bi siririn tiyo ya fita waje. Ranar da tiyon ya toshe da ƙura ko ya lanƙwashe, ruwan sai ya malalo cikin mota ya bi daɓe. Ga kuma ruwan da kayan da kansu ke kawowa. Ɗanyen kifi yana tafiya da ƙanƙarar da ke narkewa, nama yana tsattsafo da jini, tumatir da tattasai da ganyaye suna numfashi suna fitar da tururi har su isa kasuwa. Na ƙarshe shi ne ruwan wanki, wanda akan bari a ciki a rufe ƙofa saboda gaggawar kama wani lodin.

Masu ƙera waɗannan motoci sun san da haka. Shi ya sa daɓen tirelar sanyi ba shafaffe ba ne kamar na ɗaki. Na alminiyom ne mai layi-layi, kamar kunyoyin gona, daga gaba har ƙofa. Kunyoyin nan su ne hanyar iskar da ke zagaya kaya ta ƙasa, su ne kuma makwararar ruwa zuwa ƙananan rariyoyi da aka huda a kusurwoyin akwatin. A bakin kowace rariya daga waje akan maƙala wata 'yar roba mai leɓe a manne kamar bakin agwagwa, wadda nauyin ruwa ke buɗe ta ya fita, sa'an nan ta koma ta rufe don kada zafi da ƙura da ƙwari su shiga. Ke nan duk abin da ya toshe kunyar daɓe, ko guntun kwali ne, ko leda, ko ɓawon kifi, ko tsinken katako, ya yi ɓarna biyu a lokaci guda, ya tare ruwa, ya kuma tare iska.

Lissafin asara

Asara ta farko mai mota ne ke biyan ta a gidan mai. Kafin injin ya mayar da tururin ruwa lita ɗaya ƙanƙara, sai ya yi aikin da ya isa ya ƙara wa daskararren kifi kusan tan ɗaya da rabi sanyin digiri guda. Wato injin da aka saya don tsare kaya sai ya koma yana faman busar da iskar Apapa. Daɗa ga yawan tsayawar da yake yi don narkar da ƙanƙarar da ta taru, wanda a lokacin nan kaya ba sa samun sanyi sam. A shekarun da ake sayen litar man gas ƙasa da naira 300 ana iya kau da kai daga wannan. Amma a cikin 2022 kaɗai farashin ya tashi daga nan ya haura naira 700, kuma a shekarun da suka biyo baya ya wuce naira 1,000. Tun daga lokacin, kowace awa da injin ya ƙara a banza ta zama kuɗin da ake gani a littafi.

Asara ta biyu ta fi muni, domin a ɓoye take, kuma jarin ne da kansa take ci. Abin da ya bambanta tirelar sanyi da tirelar siminti shi ne wani busasshen soso da aka cusa tsakanin fatar ciki da ta waje, a bango da rufi da ƙarƙashin daɓe. Shi ke hana zafin rana shiga. Idan daɓe ya tsage, ko walda ta saki, ko ƙusa ta huda bango, ruwan da ke kwance sai ya sami hanya, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya fi wannan soso saurin ɗaukar zafi kusan sau 25, ƙanƙara kuma ta ninka ruwa kusan sau huɗu. Bugu da ƙari, ruwa yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, don haka kowane daskarewa da narkewa yana ƙara buɗe tsagar. A hankali sai motar ta yi nauyi, ƙarfunan da ke riƙe da daɓen su yi tsatsa, injin ya dinga aiki ba hutawa amma sanyi ya ƙi sauka. Mai mota sai ya zargi injin, ya kira makaniki, a ƙara gas, a sauya kayan gyara da aka sayo da dala, alhali cutar tana cikin bango.

Asara ta uku ta mai kaya ce, kuma ana iya auna ta da alƙalami. Mu ƙaddara an loda tan 25 na kifi, wato katan 1,250 mai kilo 20, an jera su hawa goma. Hawan ƙasa kaɗai katan 125 ne, kashi 10 cikin 100 na dukiyar. Kwali yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa a cikin iska mai danshi sosai, balle a ce yana zaune cikin ruwa. Idan ya jiƙe sai ya lotsa, ya cusa kansa cikin kunyoyin daɓe ya datse iska, na samansa su karkata, sa'an nan ruwan ya sake daskarewa ya manne katan da daɓe, har sai an sa ƙarfe an ɓamɓare. Mu ce dillali a kasuwa ya zabtare kashi ɗaya cikin uku na kuɗin waɗannan katan 125. Asarar ta kama kashi 3 da ɗoriya cikin 100 na kuɗin lodin gaba ɗaya. Ga fatken da ribarsa ba ta wuce kashi 8 ba, an cinye masa fiye da sulusin ribar tafiyar, a kan rariyar da yaron mota zai iya zurara wa waya ya buɗe cikin minti biyar.

Ta huɗun kuwa ba a biyan ta da kuɗi kaɗai. Yawancin ƙwayoyin cuta sanyi na hana su yaɗuwa, amma akwai wata mai suna Listeriya da ke ci gaba da hayayyafa cikin sanyin firji, kuma masana sun daɗe da sanin cewa rariya da kwantaccen ruwa su ne maɓoyarta. A 2017 da 2018 ta kama mutane fiye da 1,000 a Afirka ta Kudu, fiye da 200 suka rasu. An gano tushenta a wata masana'antar sarrafa nama da ke Polokwane. A masana'anta abin ya faru, amma daɓe mai danshi da sanyi ɗaya ne, ko a gini yake ko a kan taya. Haka kuma kifi irin titus, idan ya ɗumama ya jima, yakan tara wani sinadari mai haddasa ƙaiƙayi da amai da ciwon kai, wanda ko suya ko dahuwa ba ta kawar da shi. Mai shago da mai gidan abinci ba su da hanyar sanin cewa katan ɗin da suka saya ya narke a Jebba ya sake daskarewa kafin Tegina.

Hujjar masu toshewa

Adalci ne a saurari direbobi da masu motocin da ke cusa tsumma ko leda a rariya da gangan. Suna cewa kafar tana zubar da sanyi, tana shigo da ƙura da hunturu, tana kuma ɗigar da ruwan kifi mai wari a kan titi, abin da ke jawo musu tsangwama a tasha da shingayen hanya. Akwai gaskiya a ciki. Rariyar da robar bakinta ta tsinke ta bar rami a buɗe lalle kafa ce ta zafi, musamman a watan Afrilu da zafin Arewa ke haura digiri 40. Su kansu kamfanonin jiragen ruwa umurninsu shi ne a rufe rariyoyin kwantena idan daskararrun kaya aka ɗauko, a buɗe su idan kayan lambu ne masu numfashi da ake bar wa kafar shan iska.

Sai dai rufewa da sani daban, toshewa da tsumma a manta daban. Wanda ya rufe da murfin da aka yi don haka, ya san zai buɗe a wurin wanki. Tsumma kuwa yana shan ruwan jini ya riƙe, ya zama gidan ƙwayoyin cuta, kuma yana nan ranar da motar za ta juyo daga Kano da kayan da ke bukatar rariya a buɗe. Maganin tsinkakkiyar roba shi ne sabuwar roba, wadda kuɗinta bai kai na katan ɗaya na kifi ba. Maganin ɗigar ruwa a titi kuma shi ne ƙaramin tanki a ƙarƙashin mota da za a juye a wurin da ya dace. Ko a Norwe, ɗaya daga cikin ƙasashen da ke sayar mana da kifi, ruwan da ke zuba daga motocin kifi ya zama abin ƙorafi saboda santsin da yake sa wa hanya, kuma ta hanyar tara ruwan ake magance shi.

Batun kayan dawowa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ribar sufurin take, a nan ne kuma haɗarin ya fi yawa. Babu mai tirelar da ke son ta dawo Legas wayam. To amma kowane kaya da irin yanayin da yake so. Tumatir na son danshi mai yawa da sanyin da bai gaza digiri 10 ba, domin idan ya yi ƙasa da haka sanyin kansa ke lalata shi. Albasa kuwa busasshiyar iska take so, danshi na sa ta tsiro ko ta ruɓe. Ɗanyen nama yana ɗaukar warin duk abin da ya riga shi shiga. Motar da ta sauke kifi da safe, aka share ta da tsintsiya kawai, aka loda mata tattasai daga Kwanar Gafan da yamma zuwa kasuwar Mile 12, ta ɗauki kaya biyu ne, wanda aka biya kuɗinsa da wanda ya maƙale a kunyoyin daɓe.

Dalilin da kasuwa ba ta gyara kanta ba

Idan gyaran na da araha haka, me ya hana a yi? Amsar tana cikin yadda aka raba riba da asara. Mai kaya ne ke asarar katan ɗin da ya jiƙe, amma rariyar ta mai mota ce. Mai mota ne ke asarar sosan bango, amma direba da yaronsa ne ke tare da motar, kuma su ana auna ƙwazonsu ne da saurin juyowa. Wanda ke da ikon gyara ba shi ke jin zafin ɓarnar nan take ba. In kaya suka iso a lalace sai a ɗora wa hanya, kowa ya yarda, tun da hanyar na da laifinta. Waɗanda suka yi kwanaki a layi lokacin da gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye a 2017, ko a cunkoson Apapa na shekarun da suka gabaci tsarin kiran motoci na 2021, ba sa bukatar a tuna musu. Amma jinkirin hanya yana tona cutar da motar ta taso da ita ne. Tirela mai busasshen bango takan jure kwanakin da mai jiƙaƙƙe ba za ta jure ba.

Dalili na biyu yana wurin saye. Akasarin tirelolin sanyi da kwantenonin da ke aiki a hanyoyinmu na hannu ne, sun gama ƙuruciyarsu a Turai ko a kan teku. A can akwai yarjejeniyar da aka rattaba wa hannu a Janiba a 1970, ta fara aiki a 1976, wadda ta tanadi a gwada ƙarfin riƙe sanyi na akwatin motar da ke tsallaka iyaka da abinci mai saurin lalacewa. Takardar farko shekara shida take yi, daga nan sai an sake gwaji. Motar da ta tsufa ta kasa cika sharaɗin dole ta nemi wata kasuwa, kuma ba a rasa irinta a cikin waɗanda ake turowa Afirka. Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya bayyana tun a 1970 cewa a kasuwar da mai sayarwa ya san aibin kaya mai saye bai sani ba, marar kyau ne ke korar mai kyau, saboda babu mai biyan ƙarin kuɗi don ingancin da ba ya gani. Mai sayen tirela a nan yakan tayar da inji ya saurari ƙararsa, ya dubi taya da fenti, ya biya. Sosan da ya sha ruwa ba ya ƙara, ba ya kuma nunawa a fenti.

Abin da ya kamata a yi

Ga mai shirin saye, shawara ita ce ya hau da tirelar kan babban sikelin auna motoci tana wayam, ya gwada nauyinta da wanda kamfani ya rubuta a jikinta. Ƙarin da ba shi da dalili, galibi ruwa ne. Ya shiga ciki da rana tsaka a rufe masa ƙofa, duk inda ya hango haske, nan iska ke shiga. Ya taka daɓen daga gaba zuwa baya yana neman inda ke lotsawa, ya leƙa ƙarƙashi ya dubi tsatsa da inda ruwa ke ɗiga ba ta rariya ba. Bayan an kunna inji na wasu sa'o'i, ya zagaya waje ya lura da inda bango ke gumi, domin a nan sosan ya mutu. Araha ba ta ado, kuma tun da aka saki farashin naira a 2023 kuɗin sauya tirela ya zama abin da ƙaramin ɗan kasuwa ba ya yi sau biyu.

Ga mai kaya, lokacin magana shi ne kafin katan na farko ya shiga. Ya sa wakilinsa ya duba cewa an wanke daɓe ya bushe, kunyoyi babu shara, robar ƙofa ba ta yage ba. Gwajin rariya bokitin ruwa guda ne a wurin wanki, a zuba a ga ya fita ta kusurwa. Kaya su shiga da sanyinsu, domin an yi injin tirela ne don ya riƙe sanyin da kaya suka zo da shi, ba shi da ƙarfin daskarar da ɗumi. A kashe inji muddin ƙofa na buɗe, in ba haka ba fankarsa ce za ta dinga zuƙo iskar waje. Inda lodi a fili ake yi, babu rumfar sanyi da ta haɗe ɗaki da mota, sanyaya akwatin sosai tun kafin lodi yana ƙara raɓa ne kawai. A ɗora kaya a kan katakon jeri, a bar sarari a sama da bayan ƙofa. Sa'an nan a rubuta duk wannan a takardar ɗaukar kaya, direba da wakili su sa hannu, a jefa 'yar na'urar da ke rubuta yanayin sanyi a cikin kayan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da zarar takarda ta nuna wanda zai biya idan ruwa ya kwanta, rariya za ta sami mai kula da ita.

Kamfanonin inshora da bankunan da ke ba da rancen sayen motoci su ma suna da abin yi, kuma don amfanin kansu. Tirelar da aka ba da jingina tana iya rasa darajarta daga ciki alhali takardunta na nan lafiya. Idan mai inshora ya rage kuɗin da yake karɓa daga wanda ke da littafin wanki da awon nauyi na shekara-shekara, ya ƙara wa wanda ba shi da su, zai yi abin da wa'azi bai yi ba. Ƙungiyoyin fataken kifi da na kayan gwari a Ijora da Mile 12 da 'Yan Kaba na iya haɗa kuɗi su gina wurin wankin motocin sanyi mai ruwan famfo da magudana a bakin kasuwanninsu, ana biya ana shiga. Wannan sana'a ce mai zaman kanta da za ta ɗauki matasa. Robar bakin rariya da ta ƙofa kuwa ba su fi ƙarfin masana'antun Nnewi da Aba da Sharaɗa ba, in sun ga masu saye.

Hukuma ita ce ta ƙarshe a wannan jeri, kuma da gangan muka sa ta a nan. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wadda aka kafa a 1971, da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, su ne suka dace su fitar da gajeriyar ƙa'ida mai sauƙin fahimta, cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Ingilishi, kan tsabtar akwatin motar abinci da gwajin ƙarfinsa na riƙe sanyi kafin a shigo da shi. Amurka ta yi irin wannan a 2016, inda dokarta ta ɗora wa mai kaya alhakin rubuta sharuɗɗan tsabta da sanyi, ta kuma ɗora wa mai lodi alhakin duba mota kafin ya loda. Amma muna gargaɗi da babbar murya, a yi binciken a wurin lodi da wurin saukewa. Ranar da aka mayar da shi sabon shinge a kan hanya, inda jami'i zai ce a buɗe ƙofa a tsakiyar rana a Lokoja don ya ga rariya, to an shigo da danshin da ake yaƙi da shi, an kuma ƙara wa direba wani wurin miƙa na goro.

Tun 1938, lokacin da Frederick Jones, wani baƙar fata ɗan Amurka, da abokin kasuwancinsa Joseph Numero suka fara ƙera injin sanyaya manyan motoci a kamfanin da ya zama Thermo King, injin ke ta samun ci gaba, har ya kai yau mai mota na iya ganin sanyin tirelarsa a wayarsa yana zaune a ofis. Ruwa dai bai sauya hali ba, gangare yake bi, inda ya sami tsaga nan yake shiga. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda ta fara aiki a 2021, ta buɗe wa namanmu da kayan lambunmu ƙofar kasuwannin da mai saye zai tambayi takardar sanyi da ta tsabta kafin ya tambayi farashi. Fatken da ya saba da bokiti da sikeli da takardar sa hannu tun yanzu, a kan hanyar Legas zuwa Kano, shi ne zai iya amsa wannan tambaya ranar da aka yi masa ita a Akara ko Duwala.